OBS na rike don daukar sikirin, VLC kuma na turawa talabijin

Wata hudu kenan ina hada bidiyon koyar da Excel da Hausa, kuma da yake laftof dina tsohuwa ce RAM 4GB kawai gareta batirin ma ya dade da mutuwa, sai da na sha gwaje-gwaje kafin na samu natsuwa. Tun farko nace bazan sake sauke manhajar da zata buga min tambarinta a tsakiyar bidiyo ko ta yanke ni bayan minti biyar ba, shiyasa na koma kan na kyauta wadanda lambobinsu ke a bude kowa zai iya dubawa ya gyara.

ShareX na fara dashi, Windows kadai yake aiki, ba nauyi, in hoton sikirin kake so ko dan guntun GIF na nuna ma wani inda zai danna to ya wadatar. Amma darasin minti arba'in da murya bai min ba.

OBS Studio kam ranar da na fara budeshi rufewa nayi wallahi, bakin allo kawai da akwatuna a kasa ban san ta ina zan kama ba. Ashe sai ka zaba masa abinda zai dauka da kanka, sikirin daban makirufo daban. Da na saukar da ingancin bidiyon zuwa 720p da firam 30 a dakika sai laftof din ta dena nishi. Akwai kuma matatar sauti a ciki dake rage hayaniya, ita ta rufa min asiri da janaretan makwabta, ko da yake in ka matsa mata da yawa muryarka zata koma kamar daga cikin randa kake magana.

Abinda ya sa na kama shi hannu bibbiyu shine wani dare ina minti na 35 aka dauke wuta, laftof ta mutu dif. Na dafe kai. Da wuta ta dawo na duba sai ga fayil din yana nan yana budewa har daidai inda ya tsaya, saboda a nau'in fayil din bidiyo da ake kira MKV na saita shi. Da MP4 na gargajiya ne da shikenan an yi asara, don shi sai an rufe shi yadda ya kamata yake karantuwa. Daga baya cikin OBS din nake juya MKV zuwa MP4, ko minti daya baya kaiwa.

Turawa talabijin kuwa VLC, manhajar kunna bidiyo, nake amfani dashi, tun fitowar 3.0 a 2018 yake gane Chromecast, wato 'yar na'urar da ake makalawa a talabijin don tura masa bidiyo, sharadin dai ita da laftof din su kasance kan Wi-Fi daya. Fayil yake turawa fa ba sikirin dinka kai tsaye ba, nan ne na fara rudewa. A falo nake kallon darasin kafin na dora, kuma anan ne uwargida ta lura ina cewa "to yanzu" sau ba adadi.