Flyway, Liquibase ko Alembic: wanne zai bar maka saitinka yadda ka ajiye?

Kafin ka zaɓi manhajar da za ta riƙa sabunta tsarin rumbun bayananka, irin waɗannan ukun, tambayi abu biyu. Idan ka yi shiru ba ka ba ta umarni ba, me take yi? Idan kuma ka bayar, naka ne zai ci ko wanda ta zo da shi? Ni a nan na taɓa ƙonewa. Wata 'yar manhaja da muka gada a wurin aiki, na manta ban rubuta mata adireshin rumbun gwaji ba, ashe in ba ta ga adireshi ba sai ta koma kan na ainihi, ba tambaya ba gargaɗi. Teburin bayanai guda ya tafi, muka kwana muna dawo da shi daga ajiyar jiya.

Shi ya sa Flyway ta fi kwanta mini. Jerin fifikonta a fili yake: abin da ka rubuta a layin umarni shi ne gaba, sai saitin muhallin na'ura, sai fayil ɗin saiti, nata na asali shi ne ƙarshe. Umarninta na clean, mai share komai a rumbu, tun daga fitowa ta 9 a 2022 a kulle yake zuwa, sai ka buɗe da hannunka. In ta tarar da rumbu mai kaya a ciki amma babu teburinta na flyway_schema_history, inda take rubuta sauye-sauyen da ta gudanar, tsayawa take yi ta yi ƙorafi. In wani ya taɓa fayil ɗin sauyin tsari da aka riga aka gudanar, ko da harafi ɗaya ne a cikin umarnin, za ta gane ta ƙi ci gaba. Fayilolin kuma SQL ne zalla, harshen ba rumbun bayanai umarni, masu suna irin V1__farko.sql, kowa na iya karantawa. Aibinta? Umarnin janye sauyi sai a bugun da ake biya.

Liquibase tana da update-sql mai nuna maka abin da za ta yi kafin ta yi, wannan na yaba, amma saitunanta sun yi yawa, kuma in aiki ya katse makullin da take sa wa rumbu yayin aiki kan maƙale sai ka sake shi da release-locks. Alembic ta masu harshen Python da SQLAlchemy, kunshin da ke haɗa shi da rumbun bayanai, ce; canza sunan ginshiƙi a teburi ka bar ta ta rubuta sauyin da kanta, za ta ɗauka ka goge tsoho ka ƙirƙiri sabo, bayanan ciki su bi ruwa.

Sai batun jabu, wanda ya fi duk waɗannan haɗari. Duk manhajar da ka zaɓa, kalmar sirrin rumbunka gaba ɗaya kake miƙa mata. Akwai masu ɗora kunshi a PyPI da npm, ma'ajiyoyin da ake sauke manhajoji daga gare su, da suna mai kama da na gaske, harafi ɗaya kawai suka sauya. Akwai hotunan Docker, wato manhaja a shirye cikin kunshi guda, da ba masu manhajar ne suka ɗora ba. Akwai masu raba bugun kuɗi wai an fasa shi kyauta. Kada ka ko taɓa. Ɗauko Flyway daga Redgate, masu ita tun 2019, ka duba sunan mai ɗorawa harafi-harafi, ka kafe lambar fitowar da ka gwada a maimakon latest mai ɗauko fitowa ta baya-bayan nan, domin saitin asali kan sauya daga fitowa zuwa fitowa. Duk mai tallar da ya ce maka dannawa ɗaya ta wadatar, ce masa ya nuna maka jerin saitunan da manhajarsa ke ɗauka in ba ka faɗi komai ba.