Yajin gashi na Rendezvous a kan awazar rago

A birnin Memfis na jihar Tenesi ta Amurka, a gaɓar kogin Misisifi, akwai wani gidan abinci mai suna Rendezvous wanda Charlie Vergos, ɗan wasu baƙi 'yan ƙasar Girka, ya buɗe a shekarar 1948. Gidan yana ƙarƙashin ƙasa ne, a wani lungu da ke daura da otal ɗin Peabody, kuma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne gasasshen haƙarƙarin alade. Wannan nama ba abincin Musulmi ba ne, don haka abin da na duba a nan shi ne yajin da gidan yake ƙullawa a kwalba yana sayarwa, wanda na gwada a kan awazar rago domin in ga ko martabarsa za ta tsaya idan an raba shi da naman da aka san shi da shi.

Sai an san yadda haƙarƙari ya samu daraja a Amurka kafin a gane dalilin haɗa wannan yaji. A ƙarni na 19, gashin da ake yi a kudancin ƙasar na dabba sukutum ne a bisa rami, kuma galibi bayi 'yan asalin Afirka ne suke kwana suna kula da wutar. Manyan mayankan wancan lokaci kuwa gishiri suke zuba wa nama su cusa a ganga, haƙarƙari kuma ba ya shiryuwa a ganga, shi ya sa ake sayar da shi da arha, wani lokaci ma a bayar kyauta. Da na'urar sanyi ta yaɗu a farkon ƙarni na 20, sai masu gashi a birane, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne da suka yi ƙaura daga karkara, suka rungumi wannan yanki da masu hali suka raina, suka mayar da shi abin alfahari a Memfis da Kansas Siti da Shikago. A yau har gasar gashi ta duniya ake yi a Memfis duk watan Mayu, tun daga shekarar 1978.

Abin da ya bambanta Vergos da takwarorinsa shi ne bai bi hanyar jiƙa nama da miyar tumatir mai zaƙi ba. Ya tarar da wata tsohuwar kafar zuba kwal a ginin da ya fara buɗe gidan, ya mayar da ita mafitar hayaƙi, ya riƙa gasa haƙarƙari kai tsaye a bisa gawayi da tazarar kimanin inci 18, yana shafa masa ruwan khal, sannan idan ya gasu ya barbaɗe shi da busasshen yaji. Tushen yajin na gidansu ne na Girkawa, wato gishiri da masoro da tafarnuwa da wani ganyen ƙamshi da ake kira oregano, daga baya ya ƙara kayan ƙamshin da ya gano a birnin New Orleans, ya kuma zuba garin jan tattasai domin launi. Duk wanda ya saba tsayawa wurin mai tsire yana kallon yadda ake barbaɗa yaji a kan nama yana tururi, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

Da aka buɗe kwalbar, ƙamshin ganye da tafarnuwa ne ya fara tashi, garin kuma ja ne mai ɗan kaushi, ana ganin ƙwayoyin da ba a niƙe su lilis ba. Na bi hanyar gidan yadda take: na dama kaɗan daga yajin a ruwa da khal, na riƙa shafa wa awazar duk lokacin da na juya ta a kan garwashi, na ajiye sauran sai da aka sauke sannan na barbaɗa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ginshiƙin aikin, domin jan tattasai da tafarnuwa suna saurin ƙonewa su yi ɗaci idan aka lafta su tun farko a wuta mai ƙarfi. Sakamakon ya gamsar da ni ƙwarai. Tsamin khal ya karya maiƙon rago, ganyen oregano ya kwantar da ƙarnin da wasu ke gudu, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, tun da Girkawa sun daɗe suna haɗa wannan ganye da naman tumaki. A ganina yajin ya dace da rago tamkar don shi aka haɗa.

Sai dai mai saye ya san cewa an yi shi ne daidai da harshen Amurkawa. Babu ƙuli-ƙuli a ciki, saboda haka ba ya ba da garɗin gyaɗa da muka saba ji a tsire, zafinsa kuma sassauƙa ne ƙwarai ga wanda ya tashi da barkono. Na ƙara masa dakakken barkono da citta, ya zauna daidai ba tare da ƙamshinsa na asali ya ɓace ba. Gishirinsa ma ya wadatar, don haka kada a sake sa wa naman wani. A kan kaza ya yi kyau, amma a kan jan nama marar kitse bai nuna kansa sosai ba, domin kitse ne ke riƙe shi ya ratsa da shi.

Ga mazauna Amurka, ana samunsa a shafin intanet na gidan, kuma kwalba ɗaya za ta isa gashin awazar ragon layya har a yi saura. Ya kamata mai saye ya karanta jerin kayan haɗin da ke jikin kwalbar da kansa kafin ya biya kuɗi, ya kuma tanadi khal da gawayi mai kyau, domin a tandun gas rabin daɗin yajin ba ya fitowa.