Sharhi kan sashen jijiyoyin yara da ke kula da 'yata a Jos

Duk wanda ɗansa ya fara motsin da ba shi ya sa kansa ba, hannu na fizga, fuska na yamutsewa, shawarata ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara tun da wuri. Mun sami irin wannan likitar a wani babban asibiti a nan Jos, kuma na yaba aikinta ƙwarai, duk da ina da ƙorafi kan abin da ya biyo baya.

'Yata shekararta tara. Rubutunta ne ya fara lalacewa, sai kofi ya riƙa suɓucewa daga hannunta, kafaɗa na ɗagawa, ga kuka ba gaira ba dalili. A makaranta an ɗauka iskanci ne har aka tsawata mata, a unguwa kuma aka ce iska ce ta shafe ta. Addu'a mun yi, muna kan yi, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da muka je asibiti.

Abin da ya fara burge ni, likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta miƙa wa yarinyar yatsu biyu ta ce, "'Yata, riƙe ki matse, kada ki saki." Hannun ya riƙa matsewa yana sakewa kamar na mai tatsar nono. Ta ce ta fito da harshe ta bar shi a waje, ya ƙi tsayawa. Sannan ta juyo gare ni: "Hajiya, in tana barci motsin yana tsayawa?" Na ce cak. "Ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a 'yan watannin nan?" Ta yi, a tsakiyar hunturu, kuma wa ya san adadin yaran Jos da ke yin irinsa a sanyin Disamba a ba su farasitamol a wuce wurin.

Da Hausa ta yi min bayani, a natse. Sunan ciwon koriya ta Sydenham, daga likitan Ingila Thomas Sydenham da ya siffanta shi a 1686. Asalinsa ƙwayar cutar sitireptokokas ce da ke kama maƙogwaro. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar ƙwayar, sai ta ɓata hanya ta afka wa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. Yakan bayyana ko da wata shida bayan maƙogwaron ya warke, shi ya sa iyaye ba sa haɗa biyun. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, mata sun fi maza.

Inda na ƙara ganin ƙimarta shi ne da ta ce motsin da ke tayar mana da hankali ba shi ne babban abin tsoro ba, domin a yawancin yara yana lafawa cikin watanni. Zuciya ce abin dubawa, tunda ciwon reshe ne na zazzaɓin rumatik, mai lalata bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, a ɓoye. Ta tura mu hoton zuciya da ake kira eko, aka ga bawul na ɓangaren hagu yana ɗan yoyo. Da mun tsaya a maganin motsi kawai, da ba mu sani ba.

Likitar ta ɗora 'yata a kan maganin kabamazefin, motsin ya ragu sannu a hankali har ta koma riƙe biro. Sai allurar penisilin benzatin duk mako huɗu don kada ƙwayar ta sake kama ta, na tsawon shekara goma ko har ta kai 21, duk wanda ya fi nisa. In bawul ya ci gaba da yoyo ana iya kaiwa shekara 40.

A nan ƙorafina yake. Magani mai tsawo irin wannan, amma babu wanda ke bin sawu. Ba katin da ke nuna ranar allura ta gaba, ba mai kira in an tsallake. Akwai lokutan da muka je aka ce babu ita a wurin ba da magani na asibitin, sai na hau keke zuwa kantunan magani na wajen Taminus da yarinya a hannu, in sayo in dawo in sake bin layi. Na ga iyaye daga ƙauyuka da suka daina zuwa saboda wannan wahala, kuma abin yana ci min rai, domin tsallake allurar ne ke ba ciwon damar dawowa ya ƙara cin bawul.

Allurar kanta tana da zafi sosai, ruwanta kauri gare shi. Wata Sista takan haɗa ta da lidoken, maganin kashe zafi, ta ɗumama kwalbar a tafin hannunta, ta tura a hankali tana jan yarinyar da hira. Ranar da ba ita ke aiki ba, da kuka muke fita. Ina roƙon sashen ya mayar da wannan hanya ƙa'ida ga duk mai yin allurar, ya kuma buga takardar bayani da Hausa wadda uwa za ta kai wa malaman makaranta.