Katunan Esther Howland: a juya baya kafin a biya kuɗi

Katin Esther Howland, wato tsohon katin masoya na ranar Valentine, ba a shafe yake ba, hawa-hawa ne. Farar takarda mai huji-huji kamar leshi ce a sama, a ƙarƙashinta an shimfiɗa wata mai launi don adon ya fito, sai ɗan hoto a tsakiya. A wasu katunan, ƙananan takardu da aka nannaɗe ne ke ɗaga saman ya yi tudu. Baitin waƙar soyayya yana ciki, ba a fuska ba. Wannan tsarin ne ya sa har yau masu tara tsofaffin katuna ke neman su, kuma sun cancanta.

An haifi matar a 1828 a Worcester, jihar Massachusetts ta Amurka, inda mahaifinta ke da kantin littattafai da kayan rubutu. Ta gama makarantar mata ta Mount Holyoke a 1847. Ɗan'uwanta ya fita talla da samfuran katunan da ta haɗa ya dawo da odar dala 5,000, sai ta tara mata a gidansu, wannan na yanka, waccan na mannawa. Takardar leshin daga Ingila ake kawo ta. Daga baya ta sayar wa George Whitney, wani mai yin irin katunan, da kamfaninta, ta rasu a 1904.

A nan mai saye ke ruɗewa, domin katunan Whitney sun yi kama da nata ƙwarai. A juya bayan katin: jan harafin H, ko tambarin N.E.V.Co. (kamfaninta, New England Valentine Company), shi ne shaidarta. W na Whitney ne. Idan babu ko ɗaya, kada a biya farashin Howland, komai kyawun katin.

Aibinsu rashin ƙwari. Tsohon manne ya bushe, hoto na iya ɓallewa da taɓawa ɗaya. Danshi na kawo ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, rana kuma na cinye launin takardar ƙasa. Wanda aka gyara da salatif a bar shi, domin tabonsa ya riga ya shiga takarda. A ɗaga saman a hankali a ƙirga nannaɗaɗɗun takardun. In ɗaya ta karye, saman zai karkace. A ajiye shi kwance cikin akwati marar asid, kada a ɗora masa komai.