Gwajin ƙarfin ƙashi ta dunduniya a wani asibiti mai zaman kansa

Na kai mahaifiyata, wadda ta haura shekara 60, wani asibiti mai zaman kansa domin a auna ƙarfin ƙashinta da na'ura mai aiki da sauti, dangin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ma'aikaciyar ta shafa mata mai a dunduniya, ta ɗora ƙafarta cikin na'urar, kuma kafin minti biyar sakamako ya fito. Na'urar tana auna saurin sautin da ke ratsa ƙashin da yadda yake raguwa a cikinsa, ba a amfani da hasken hoton ƙashi, kuma babu zafi ko kaɗan, abin da ya kwantar wa Hajiya hankali.

Inda ban gamsu ba shi ne bayanin da aka yi mana, domin an ce sakamakon ya tabbatar da zaizayewar ƙashi. Alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, wato maki -2.5 ko ƙasa da haka idan aka kwatanta ƙarfin ƙashin mutum da na matasa masu lafiya, da gwajin DXA (wani hoton ƙashi na musamman mai auna ƙarfin ƙashi) na kwatangwalo da ƙashin baya ake tabbatar da shi. Gwajin dunduniya tantancewa ce kawai, shi ya sa likitan Hajiya ya tura mu yin DXA kafin ya rubuta magani.