Hattara da masu sayar da "tambarin gidanku" da sarautar Lord a intanet

Jama'a, musamman 'yan uwa mazauna Birtaniya da masu neman kyautar da za su ba abokai Turawa, akwai wani talla da ke yawo a Facebook da YouTube. Wai ka tura sunan iyali da kuɗi, su tono maka tambarin gidan, wato zanen alamar da ake yi a jikin garkuwa, tun zamanin barade masu sulke, haɗe da salsalar da ta kai ga manyan masu sarautar Ingila.

Wani maƙwabcina mai auren Baturiya ya biya, don ya faranta wa surukinsa. Aka aiko masa da takarda mai launin tsufa, an zana jar garkuwa da zaki, an rubuta cewa kakan gidan ya yi yaƙin Hastings a 1066 tare da William na Normandi, da wannan tambari a garkuwarsa. Dattijon ya karanta, ya yi murmushi, ya ce iya saninsa kakanninsa masaƙa ne.

Tun daga shekarar da aka rubuta, ƙaryar ta tonu. A 1066 ba a fara gadon tambari ba; sai wajen tsakiyar ƙarni na 12 al'adar ta kankama. Amma babbar damfarar ita ce kalmar "tambarin iyali" kanta. A Ingila da Sikotilan ba suna ake ba tambari ba, mutum ɗaya ake ba, sai zuri'arsa ta gada bisa ƙa'ida, galibi ta wajen uba. Don sunanka Howard, hakan bai ba ka hakki a tambarin Duke na Norfolk, basaraken gidan Howard, ba, kamar yadda ba duk mai suna Bello ne jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba. Abin da masu wannan sana'a ke yi shi ne su buɗe tsohon kundin tambura, su nemi wani mai irin sunanka, su kwafe nasa su sayar maka. Gobe wani mai sunan ya zo, shi ma wannan tambarin za a buga masa.

Kuma abin yana da masu shi. College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na Uku ya ba takardar kafuwa a 1484, ita ke bayar da tambari a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Daga 1530 zuwa 1688 jami'anta sun riƙa zagaya gundumomi suna tantance masu da'awa, wanda ya kasa kawo hujja a yi shelar cewa ba shi da hakki. A Sikotilan kuwa kotu ce sukutum, ta Lord Lyon, babban jami'in tambura, a Edinbura, da rajistar da aka buɗe tun 1672, kuma amfani da tambarin da ba naka ba laifi ne a can.

Ita ma salsalar a duba ta da kyau. Sai a 1538 aka umarci majami'un Ingila su fara rubuta baftisma da aure da jana'iza. Kafin nan talaka da wuya ya bar sawu a takarda. To wanda ya ce cikin kwana uku ya haɗa ka da 1066, daga ina ya samo mutanen tsakani? Wannan sana'a tsohuwa ce: Gustave Anjou, ɗan Suwidin da ya mutu a 1942, ya yi shekaru a Amurka yana ƙirƙira wa attajirai asali, har yau masu bincike na tsintar ƙaryarsa a littattafan nasaba.

Ƙanwar wannan damfara ita ce ta "zama Lord". Za a sayar maka da wuri mai faɗin taku ɗaya a dajin Sikotilan, a ce daga yau kai Lord ne ko Lady. Dokar rajistar filaye ta Sikotilan ta 2012 ba ta yarda a yi wa irin wannan ɗan fili rajista ba, kuma ofishin Lord Lyon ya bayyana cewa mallakarsa ba ta ba kowa sarauta. Mu da muka san cewa sayen rawani a kasuwar Kurmi ba ya mai da mutum Galadima, bai kamata a ci mu da wannan ba.

In da gaske ana son sanin ko wani gida na da tambari, a rubuta wa College of Arms ko ofishin Lord Lyon kai tsaye. Suna karɓar kuɗin bincike, kuma ba sa jin nauyin cewa ba su ga komai ba.

Maƙwabcina ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Suka nuna masa wani layi da ƙananan haruffa a can ƙasan shafinsu, wai kayan na ado ne kawai, ba shaidar nasaba ba. Takardar tana nan a bayan kabad ɗinsa.