Hattara da masu tallar wuƙar wuya ta jabu

Jama'a, akwai damfarar da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp kan 'yar ƙaramar wuƙar nan marar naɗewa da ake ratayawa a wuya cikin kube, wadda mafarauta da masunta ke so. Sukan kwashi hotunan kaya na asali, irin su ESEE Izula ta Amurka ko Morakniv Eldris ta Suwidin, su ce an karya farashi, saura guda biyar, a tura kuɗi kafin a ɗora a mota. Wasunsu, kuɗi na shiga sai su yi layar zana. Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne masu aiko da kayan, domin abin da suke aikowa yana iya yi wa mai shi rauni.

Matsalar tana kube. Yawancin irin wannan wuƙa ana rataya ta ne ƙota a ƙasa, tsini a sama, ba abin da ke riƙe da ita sai matsin kuben. Na asali roba ce mai tauri da aka gasa daidai jikin wuƙar, kana tura ta za ka ji ƙas. Na jabu sakwaf yake, ko ya riƙe yau ya saki bayan mako biyu. Ka sunkuya ɗaukar kaya, sai tsirarar wuƙa ta sulluɓo cikin riga, ta faɗa kan cinya ko ƙafa. Gwajin ba wuya: juya ta ƙota ƙasa a kan katifa, ka girgiza da ƙarfi sau goma. In ta motsa ko tana ƙwar-ƙwar, kada ta kusanci wuyanka.

Sai igiya. Suna haɗawa da igiyar laimar sauka daga jirgi mai lamba 550 da suke yabon ƙarfinta, alhali tana ɗaukar kusan kilo 250 kafin ta tsinke. Reshe ko ƙarfen babur ya kama ta, shaƙe ka za ta yi. A wuya ana so abin da zai katse in an fizga: sarƙa mai ƙananan ƙwallaye, ko igiya mai maɓallin da ke ɓallewa.

Ƙarfen ma ƙarya suke yi a kai. Izula ta gaske yawanci ƙarfe mai lamba 1095 ce, yana tsatsa in ba a shafa masa mai ba, don haka duk wanda ya ce maka tasa 1095 ce kuma ba ta tsatsa, ka san inda ya dosa. Tsawon ruwan Eldris milimita 59 ne, ka auna. Masu cewa tasu "Damaskas" ce kuwa, wato ƙarfe mai zane-zane da ya ratsa har cikinsa, a duba gadon bayan wuƙar. In zanen ya tsaya a gefe biyu kawai, mai yiwuwa zana shi aka yi a sama. A yanka kwali sau ashirin, sannan a gwada takarda. Ƙarfe mai laushi zai dakushe, ya riƙa yaga maimakon yanka.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko sisi, ka ce mai tallar ya ɗauko bidiyon wuƙar kusa da takarda mai ranar yau, ya girgiza ta a kife kana gani, kuma biya sai kaya ya zo hannu. In ya fara hanya-hanya, ka tafi wurin maƙeri ya ƙera maka da sifirin mota, baduku ya ɗinka kube. Sai dai kuben fata yana saki da gumi, don haka a sa masa maɗauri mai maɓalli, ko a rataya ta ƙota a sama.